Ni na rufe wutar birkin motar Yayana

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a zage ni, don na riga na zagi kaina.

Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin wata Asabar abin ya fara. Ni ɗaliba ce, a Onitsha aka haife ni, Babanmu yana sayar da albasa, Yayana kuma shi ke tuƙa a-kori-kurar da ke kwaso buhuna daga inda manyan motoci ke saukewa. Ina zaune a baranda ina karatu ya shigo da gwangwanin fentin feshi, ya ce yana son fitilun bayan motar su yi duhu-duhu irin na motocin samari. Ya gwada da kansa a gefe ɗaya, fentin ya zuba kamar hawaye. Sai ya ce, "Malama, zo ki ceci Yayanki. Ke da ko layi a littafi ba kya ja sai da rula."

Ni ba mai magana ba ce, a gidanmu ma har mantawa ake ina nan. Sai ga shi an neme ni. Na wanke fitilun da sabulu, na rufe jikin motar da tsohuwar jarida da salatif, na fesa a hankali. Yaya ya ce shafi biyu ya isa, ya tafi kallon ƙwallo. To amma na hagu ya fi na dama duhu saboda ɓarnar da ya yi, ni kuma ba na iya ganin abu a karkace in ƙyale. Na ƙara wa na dama, sai ya zarce na hagu. Na dawo kan na hagu. Haka na yi ta yi har gwangwanin ya ƙare, fitilun suka zama baƙi wuluk suna sheƙi. Bayan magariba muka gwada, ya taka birki, ja ya fito ta cikin duhun gwanin kyau. Abokansa suka yi ta tafi, ya ce musu, "Ƙanwata ce ta yi." Wallahi daren nan da murmushi na kwanta.

Ranar Litinin da hantsi ina tsaye a ƙofa zan tafi makaranta ya fito da motar. Rana ta buɗe sosai. Ya tsaya a bakin titi don wani mai baro ya wuce, motar ta tsaya cak, amma ban ga ja ba ko kaɗan. Na gani da idona, na kuma fahimci abin da hakan ke nufi. Me ya hana ni ɗaga murya? Me ya hana ni kiransa a waya? Na ce a raina sai da yamma, da yamma na ce sai gobe, don ba na son a goge abu ɗaya da aka taɓa yabona a kai.

Ranar Laraba a cunkoson Upper Iweka wata bas ta yanko gaban Yaya, ya taka birki, keken adaidaita-sahun da ke bayansa ya shige ƙarƙashin motar. Matuƙin keken maƙwabcinmu ne, zan kira shi Baba Isa, dattijo ne da ya sha kai ni makaranta ina ƙarama bai karɓi ko sisi ba. Ƙafarsa ta karye. Yaya ya ce jama'a sun taru suna ta ihu, "Papa, you no get eye?" wato wai ba shi da ido ne, shi kuma yana kwance a kwalta yana cewa bai ga wuta ba. Kafin hankali ya dawo kan motar, Yaya ya kawo ta gida, ya sa fetur da tsumma ya goge fentin tas. Ni na riƙe masa galan ɗin. Ya ce, "In Baba ya ji, ya ƙwace makulli. Bakinki alekum, kin ji ko?" Na ɗaga kai.

Yanzu unguwa duka ta yarda idon Baba Isa ne ya mutu. Dattawa sun zo sun duba motar, an taka birki, ja ya kama tar. Mai keken da yake tuƙawa ya ce ko ya warke ba zai sake ba shi ba, wai ba zai damƙa wa makaho fasinja ba. Jibi bayan sallar Juma'a dattawan za su zauna su rufe maganar.

Jiya Umma ta aike ni kai masa farfesu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambayi karatu. Sai ya nuna kalandar da ke bango ya ce, "'Yata, karanta min wancan ƙaramin rubutun." Na karanta. Ya ce, "To ai haka na gani. Ina ganin wannan, amma wutar mota ta gagare ni? Ko dai gaskiyarsu ce, tsufa ne ya zo ban sani ba?" Ya yi dariya, ya goge ido da bakin rigarsa. Mutumin da ya rantse bai ga wuta ba ya fara ƙaryata kansa, ni kuma ina riƙe da kwanon miya ina cewa Allah ya ƙara sauƙi.

Tun ranar hatsarin nake buɗe littafi ban san me ke ciki ba. In na faɗa, na tona Yayana, wataƙila ya daina yi min magana har abada, Babanmu kuma ya kore shi daga motar. In na yi shiru, dattijo zai rasa sana'arsa da sunansa a kan idon da lafiyarsa lau. Kuma ba Yaya ne ya ƙarar da gwangwanin ba, ni ce. Don Allah jama'a, me zan yi?

Na gama rubuta wannan ban tura ba, Umma ta kira ni gyaran shinkafa. Na ce mata wata ƙawata ce ta yi wani laifi, na fara kewaye-kewaye. Ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Ƙawar taki, baƙin fenti bai gama fita daga farcenta ba. Yayanki ki bar min shi. Ke kuma ɗauko hijabinki, Baba Isa za ki fara faɗa wa idonsa ƙalau ne, kafin kowa ya ji."