Tulun Tagulla na Tek Bahadur

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni Na'ibi Usuman, malamin yara, mazaunin Bani Malik a Jidda, nake rubuta wannan da hannuna, ranar Talata da hantsi. Hankalina yana nan daram. Har yanzu ina iya jero kogunan Asiya daga yamma zuwa gabas ban tsallake ɗaya ba. Ƙodata ce ta gaji, ita da ƙafafuna. Na shaida babu abin bauta wa da gaskiya sai Allah, Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, manzonsa ne. A kan haka na rayu, a kan haka nake fatan cikawa.

Zuwa ga 'ya'yana Mastura, Mus'ab da Najwa.

Kada a jira sai bayan raina. Ku karanta wannan takarda ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko, ina kwance a ɗakina. Mastura, ke za ki karanta a bayyane, kuma sai ku uku kuna zaune wuri ɗaya. Idan Mus'ab bai zo ba, a ninke ta a jira shi. Ki riƙa tsayawa saboda Najwa, kun san Hausarta ta kunne ce. Inda ta kasa, ki juya mata da Larabci, amma kada ki tausasa magana.

1. Ku rufe ni a nan Jidda, duk maƙabartar da aka samu wuri. Kada kowa ya wahala da neman kai ni gida. Na bar Gusau shekara talatin da ɗaya da suka wuce da niyyar umara ta sati uku, waɗanda suka san ni a can yawancinsu sun riga ni. Abin da na bari na dukiya kaɗan ne, a raba shi yadda shari'a ta ce.

2. Allon bango, tabarmi, da babban littafin taswirori mai koren bango, na Najwa ne. Yaran da ke zuwa bayan la'asar su goma sha huɗu ne yanzu, tara daga cikinsu ba su da iƙama, wato takardar zama, babu makarantar da za ta karɓe su. Najwa, kada ki sallame su. Ba sai kin iya komai ba. Ki buɗe taswira, ki sa kowane yaro ya ɗora yatsa inda ya ga dama, ku nemi labarin wurin tare. Yaron da ba zai iya wuce shingen 'yan sanda a bakin titi ba, yana iya haye teku da yatsa ɗaya. Na ga abin da wannan yake yi wa fuskar yaro, ban gaji da ganinsa ba har yau, ko da na gaji da sauran abubuwa.

3. Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu: ɗan tulun tagulla da ke bayan littattafai.

Mastura da Mus'ab sun san Tek Bahadur. Najwa tana ƙarama lokacin, don haka bari in faɗa. Mutumin Nepal ne, daga duwatsun Humla, direban motar ɗaga kaya a siton da na yi aikin tafinta kusa da tashar jiragen ruwa. Shekara tara muna cin abincin rana a inuwar kwantena ɗaya. Shi Hindu ne, bai taɓa ɓoye mini ba. Wata rana ya gan ni da littafin taswirori, ya ce in nuna masa ƙauyensu. Muka duba, babu. Sai yatsansa ya tsallaka iyaka zuwa Tibet, ya tsaya a kan wani ɗigon shuɗi kusa da dutsen Kailash. Ya daɗe bai ɗauke yatsan ba.

Tafkin Manasarobar ke nan. Yana can sama, fiye da mita dubu huɗu da ɗari biyar, inda numfashi yake yi wa baƙo wuya, ruwan kuma yakan daskare da sanyi. Hindu suna zuwa su yi wanka a ciki. Mabiya Buddha suna kewaya shi kwana da kwanaki, wasunsu suna auna hanyar da tsawon jikinsu, su kwanta, su tashi, su sake kwantawa. Akwai kuma Jain, waɗanda malamansu kan share ƙasa kafin su zauna don kada su danne ko tururuwa. Duk ruwa ɗaya suke nufa. Mahaifin Tek ya je a ƙafa, yana bin ayarin tumaki masu dakon gishiri. Ya dawo babu yatsun ƙafa biyu, da wannan tulu a ƙirjinsa cike da ruwan tafkin, an liƙe bakinsa da kaki. A al'adarsu ana ɗiga wa mutum irin ruwan nan a baki idan zai mutu. Tek ya taho da shi Jidda saboda tsoron mutuwar baƙunta.

Ban yarda da abin da suka yi imani da shi game da tafkin ba, shi ma bai taɓa neman in yarda ba. Amma mu da muke zaune a ƙofar Makka, muna ganin tsofaffi suna rungume da jarkar zamzam kamar jariri, mun san fuskar mutumin da ya taho daga nesa ya koma da ruwa.

Na taɓa kawo shi ajinmu ya ba yara labarin dusar ƙanƙara da Larabcinsa na sito. Mus'ab, kana shekara bakwai, ka ɗaga hannu ka tambaye shi wa ya kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a garinsu ya manta bai kashe ba. Tek ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Daga ranar yake kiranka Shehun Mukayyif.

Da kamfani ya mayar da su wani sabon masauki inda ake binciken kaya, ya kawo mini tulun in ajiye masa wata biyu. Kafin wata biyun su cika, kafilinsa, ubangidan da ke riƙe da takardunsa, ya yanke masa fita ta ƙarshe daga ƙasar. Daga masauki aka wuce da shi filin jirgi. Ya buga mini waya daga can, ya ce Ustaz, kada ka aiko ta gidan waya, za a fasa. Ka riƙe sai na turo mutum. Na ce masa amana ce, halas. Shekara goma sha uku ke nan.

4. Wannan shi ne mafi nauyi. Sau uku na buɗe baki in faɗe shi, sau uku na koma na yi zancen wani abu.

Mus'ab bai zubar da ruwan ba.

Ga yadda aka yi. Zafin Jidda ya fasa kakin, tulun ya fara tsatsa. Na ji tsoro ya ƙare, sai na juye abin da ya rage a wata ƙaramar robar zamzam da na wanke, don ita ce mafi tsabta a gidan. Ban rubuta komai a jikinta ba, gudun kada wani baƙo ya karanta ya ɗauki magana ya fita da ita. Ban gaya wa kowa ba, har mahaifiyarku Mariyamu. Na tura robar bayan littattafai tare da tulun. Ni da na shekara arba'in ina ce wa yara taswirar da ba ta da suna ba ta da amfani.

Kun san gidajenmu. Duk robar ruwan da aka gani a ajiye nesa da firij, zamzam ce, ba a tambaya. Wata rana Mariyamu tana kakkaɓe kanta, ta gan ta, ta mayar da ita cikin 'yan'uwanta a kan kabad. Ban lura ba.

Ranar Alhamis ɗin da ta rasu, bayan la'asar, leɓenta ya bushe. Na miƙa hannu kan kabad na ɗauko ƙaramar roba. Ni na jiƙa auduga, ni na ɗiga mata. Abin da ya saura muka zuba a ruwan wankanta. Ta cika da kalmar shahada, ku duka kun ji. Sai kwana biyar bayan haka na leƙa bayan littattafai na ga babu robar, na je kan kabad na ƙirga, na gane abin da hannuna ya yi.

Bayan kwana biyu, Mastura, kika ɗaga tulun kika ji shi babu nauyi. Kowa ya tuna cewa Mus'ab ya taɓa faɗa a gaban jama'a, lokacin da ya fara zama da malamai, cewa gidan tauhidi ba ya ajiye irin wannan, kuma wata rana zai tuttular da shi a kwata. Kika ce masa maci amana, a gaban matarsa da baƙin ta'aziyya. Ya rantse da Allah. Kika ce rantsuwarsa ba ta kai ko sisi ba. Ya juyo ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

Shekara shida ba ku haɗa kwano ba. Kuna tsara zuwa duba ni kamar masu aikin karɓa-karɓa, wannan Litinin, wancan Laraba, Najwa tana tsakiya tana kai saƙo. 'Ya'yanku suna haɗuwa a kasuwa ba su san juna ba.

Na yi shiru ne saboda tsoro. Na ji tsoron Mus'ab ya san ruwan ƙarshe da ya taɓa bakin uwarsa, ya kasa sake kallona. Na ji tsoron maganar ta zagaya Bani Malik a ce Malam Na'ibi ya shayar da matarsa ruwan masu gumaka, a janye yara daga ajina. Daga baya na tambayi wani malami ba tare da ambaton suna ba. Ya ce ruwan tafki ruwa ne mai tsarki, Allah ne ya halicce shi, kuma ba a kama bawa da kuskure. Na san haka tun kafin in tambaya. Kuskuren roba ba shi ne laifina ba. Laifina shi ne na bar ɗana ya ɗauki kayan, ina gani, ina cin abincin da yake aiko mini.

5. Tek yana raye, amma ya turo saƙon murya watan jiya, numfashinsa yana fita da ƙyar. Mijin 'yarsa, Padam, yana aiki a wani shagon kayan lantarki a unguwar Bagdadiyya nan Jidda, zai tafi gida ƙarshen wata. Tek yana so a ba Padam tulun ya kai masa. Ban amsa ba tukuna.

Na zauna da tulun a cinyata da jarkar zamzam a gefe, na yi tunanin cika shi in liƙe. Ba zai taɓa sani ba. Har na ce a raina ai na ba shi wanda ya fi nasa. Sai na tuna yatsun mahaifinsa biyu. Mutumin nan ba ruwa mafi kyau ya ba ni ajiya ba, ruwan ubansa ya ba ni.

Saboda haka ku kai tulun yadda yake, babu komai a ciki. Kada wanda ya zuba masa ko ɗigo, na zamzam ko na famfo. Akwai wasiƙa a ƙarƙashinsa da na rubuta da sauƙaƙan kalmomi, na faɗa masa komai, na nemi gafararsa. Ku ce Padam ya karanta masa da bakinsa. Idan Tek ya yi fushi, yana da gaskiya, kada ku kare ni. Abu ɗaya kawai za ku ƙara: matar da ta sha ruwan ita ce wadda take aika masa da kunun gyada duk azumi, tana cewa shi ma ai yana jin ƙishin da muke ji.

Mus'ab da Mastura, ku biyu za ku kai, a mota ɗaya.

6. Mus'ab, ka yafe mini idan za ka iya. Idan ba za ka iya yanzu ba, kada ka tilasta wa kanka saboda ganin ina kwance. Ka riƙe ni ni kaɗai, ka saki yayarka. Ta yi hukunci ne da abin da na bar ta ta gani. Kuma na lura, duk zafin da ka yi a kan tulun, shekara bakwai yana gabanka ba ka taɓa shi ba, saboda ka san amana ce. Ka fi ni riƙe ta.

Mastura, kin gaji kaifin harshe daga gare ni, na sha yabonki a kai. A gaban mutane kika faɗa masa, a gaban mutane za ki janye. Ki fara da matarsa.

Najwa, an sallame ki daga aikin kai saƙo.

7. Likita ya ƙayyade mini ruwa, kofi uku a yini. Ina yawan tunanin tafkin nan da ban taɓa gani ba sai a takarda, faɗinsa da sanyinsa. Ban san ko saura wata nawa ba, amma jikina yana gaya mini ba su da yawa. Idan lokacin ya zo leɓena ya bushe, akwai sabuwar robar zamzam a kan kabad. Na rubuta sunanta a jiki da jan alƙalami, da Hausa da Larabci. Mastura ta riƙe robar. Mus'ab ya riƙe audugar. Najwa ta riƙa tuna mini kalmar shahada. Aikin bai kai na mutum uku ba, na sani. Haka nake so.

Allah ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa. Allah ya ba ku takardun zama masu ɗorewa da zukata masu sauƙi. Allah ya jiƙan Mariyamu, ya sa zamzam ɗin da na yi niyya ita aka rubuta mata. Ku riƙa cin abinci tare ko sau ɗaya a wata, ko da babu mai magana a farko. Yaranku za su cika shirun.

Ranar Juma'a, idan kun gama karantawa, ƙofar ɗakina a buɗe take. Idan za ku shigo, ku shigo tare. Idan ba ranar ba ce, zan jira iyakar abin da aka ba ni.

Mahaifinku,
Na'ibi Usuman