Ka Shanye Aurenmu a Ƙaho

Zuwa ga Ratibor, sanyin idona, zumar bakina, dogo mai gashi kamar alkamar da ta nuna, kuma sarkin wawayen ƙasar Rus!

Saƙonka ya iso. Wai in ƙara haƙuri, ubangidanka Yarima yana tara mayaƙa a birnin Rumawa, zai dawo ya ƙwace gadon sarauta, sannan a ɗaura mana aure. Tir! Wane Yariman? Wanda danginsa suka koro, manyanmu suka tsinto shi a bukkar makiyaya, suka wanke shi suka aura masa Sarauniyarmu? Mutumin da ko gari bai waye masa sai da ƙahon giya a hannu, har baiwar Allah ta gaji ta sallame shi da guzuri kamar ɗan ƙodago? Shi ka bi, ka bar ni!

Ka tuna ranar matsar inabi a gonar babana? Ka tuɓe takalmi ka shiga tattakawa, santsi ya kwashe ka, ka fito ja wur, ina dariya har da hawaye. Ranar na ce a raina, ga mijina. Ranar kuma wancan mashayin ya faɗo mana da tawagarsa, ya ji labarin al'adarmu ta shan azurfa, ya buga cinya ya ce, "Kai Ratibor, sha da wannan saurayin mu ga yadda ake yi!" Aka kankare azurfar ƙotar wuƙa a cikin ruwan inabi. Saurayin kuwa yayana Beshken ne, bai iya musa wa mijin Sarauniya ba. Kai kuwa ka ɗaga ƙaho ka shanye kana washe baki, ko tambaya ba ka yi ba.

Wayyo, hasken raina, ka san abin da ka haɗiye? A wurinmu wanda ya sha azurfa da mutum ya zama ɗan'uwansa na jini, uwarsa uwarsa, ƙanwarsa ƙanwarsa. Kunya ta hana kowa gaya maka har aka kore ku. Yanzu inna kullum sai ta ce, "Shorena, ina labarin yayanki na Rus?" Limamin cocinmu ya ce shi ba ya ɗaura wa yaya da ƙanwa aure. To ko sarauta goma ubangidanka ya ci, zai fitar da azurfar daga cikinka ne?

Amma ni ban sha ba! Ina son ka yadda busasshiyar gona ke son ruwa, kuma takaicinka ya hana ni cin abinci. Ka ce ka sumbaci gicciye ka rantse wa Yarima. Shi gicciye nawa ya sumbata ya tofar? Rabu da shi ya je ya yi ta mafarkin sarautarsa. Zo kai kaɗai, ba takobi, ka ɗauke ni mu haye duwatsu zuwa ƙasarku inda ba wanda ya san zancen. Zan jure ƙanƙararku, zan jure fushin inna.

In kuwa shi ka zaɓa, ba komai. Ba zan auri kowa ba, na rantse. Zan tsufa a gidan babana, kuma ranar da ka sami mata, ka aiko. Ni zan ɗinka maka rigar angonci, don a nan aikin ƙanwa ne.

Taka har kabari,
Shorena