Takardar da Na Aika wa Masu Gem

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya.

Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarka, da addu'ar wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara rufin asiri, ya sa ciwon bayan nan da ka ambata ya zama kaffara. Mu nan sai godiya. Inna tana nan da ƙwarinta, gwiwar ce dai ba ta bar ta ba, kuma har yau ta ƙi riƙe sandar da ka aiko mata, wai ita ba ta kai nan ba. Ta mai da ita abin zaƙulo takalmi daga ƙarƙashin gado. Maigidana an dawo da shi reshen da ya fi kusa da gida, 'yan biyu kuma sun gama jarrabawa. Na san za ka yi mamakin doguwar wasiƙa alhali ga waya. Sau biyu ina kiran ka da niyyar in faɗa maka, da na ji muryarka sai in ɓige da tambayar lafiyar yara.

Maganar Bahago ce da gasarsu ta gem, wadda ka ɗauki hutu takanas don ka zo ka ga yana bugawa. In taƙaice maka, kamfanin da ya ƙirƙiri gem ɗin ya aiko da takardar lauyoyi, kuma yadda abin ya tsaya yanzu, za a yi gasar amma ƙanenmu ba zai buga ba. Ni ce kuma na jawo, da hannuna, ba wani maƙiyi ba.

Kai ba ka nan lokacin da injin yanka katako ya tafi da yatsunsa huɗu na dama, ta waya ka ji. Ni na ga wata goma sha huɗun da ya yi a ɗaki. Mutumin da in yana gida ba a jin rediyo saboda surutunsa, ya koma sai matarsa ta roƙe shi kafin ya amsa sallama. Gasar nan shi da abokansa suka fara ta tun kafin tsautsayin, a zauren da ke saman shagona, wasan faɗa ne na mutum biyu, tsohon yayi, amma su ba su da kamarsa. Abin da ake riƙewa a buga shi yana buƙatar hannu biyu, don haka muka ɗauka ya rabu da shi ke nan. Sai abokinsa mai gyaran waya, wanda suke kira Injiniya, ya zo ya kwance fedar tsohon keken ɗinkin matarsa, ya haɗa mata wayoyi, ta yadda abin da yatsun dama suke yi ƙafar dama za ta yi. Gem ɗin bai san da ƙafa ba, dole sai da Injiniya ya shiga cikinsa ya ƙara wasu 'yan layuka a tsarinsa. Ranar da aka gwada, har shago na jiyo ihunsa daga sama. Daga nan suka sa masa Bahago, ya kuma karɓi sunan da hannu ɗaya, in ji shi, tun da biyun ba su samu ba. 'Yan wasan da kansu suka zauna suka tabbatar fedar ba ta ba shi fifiko a kan kowa. Bai taɓa cin kofin ba, amma bara ya zo na uku, kuma sai da muka yi wata guda muna jin labarin.

To bana gasar take cika shekara goma. Ka san ni nake buga musu fosta da jadawali da takardar yabo. Ina cikin tsara fostar sai wani abu ya tsaya mini a rai. Na ce yanzu shekara goma muna tara mutane a kan kayan wasu, ba mu taɓa ce musu ko sannu ba? Ba haka Baba ya rene mu ba. Shi ko tsani ya ara, sai ya tura a gaya wa mai shi an gama aiki lafiya. Sai na nemo adireshin kamfanin, na rubuta musu takardar gayyata mai kyau, da godiya, da neman su sa albarka. Ban gaya wa kowa ba, so nake su aiko da 'yar takardar taya murna in sa a gilashi in miƙa wa Bahago a gaban jama'a. Don iyayi, har na haɗa musu da hoton fosta mai ɗauke da mutanen gem ɗinsu, da hoton fedar, da inda za su kalli bidiyon gasannin baya. Karambanin akuya, gai da kura!

Abin da ya fi ƙona mini rai kalma ɗaya ce. Da Hausa na fara rubutawa, na ce mun yi wa wasanku ɗan gyara don ɗan'uwanmu ya samu bugawa. Da na zo mayarwa Turanci na duba gyara a ƙamus, ya ba ni kalmomi wajen biyar, sai na zaɓi wadda ta fi tsawo don ta fi kama da ta masu ilimi. Ashe ita ce ainihin kalmar da ke cikin dokarsu, a jerin abubuwan da suka haramta. Mu a wurinmu wanda ya gyara maka abu godiya ake yi masa. Su kuwa na rubuta musu da hannuna cewa mun fasa kayansu mun canza, na sa hannu, na buga hatimin shago.

Bayan sati uku amsa ta zo, shafi huɗu, ba gaisuwa. A ranar aka sauke bidiyoyin gasar duka daga intanet, na shekara tara, har da wanda Bahago ya fara bugawa da ƙafa, mutane suna kuka suna tafi. Mai gidan da muke haya shi ma an aika masa kwafi, ya sauko yana cewa shi bai taɓa shiga kotu ba, ba kuma zai fara a kan wasan yara ba. Na kai takardar wurin lauyan da ofishinsa yake ƙarshen barandarmu, wanda nake buga wa takardu. Ya karanta ya cire tabarau, ya ce gaskiya doka tana bayansu. Ya ce wanda ya sayi gem izinin bugawa ya saya, ba gem ɗin ba, kuma duk wannan yana cikin dogon rubutun nan da kowa yake danna na yarda bai karanta ba. Ya ce irin waɗannan ƙananan taruka sau da yawa kamfanonin sukan kau da kai, amma tun da an rubuta musu an kuma haɗa da hotuna, ba su da damar cewa ba su gani ba. Ya tambaye ni wane mara wayo ne ya aika musu. Na ce masa ana bincike.

Sharuɗɗansu ga su. Za a iya yin gasar in an cika fom an nemi izini, a cire hotunansu da sunan gem ɗin daga fosta, a daina haska wasan kai tsaye, kuma a buga shi yadda ya fito daga hannunsu, ba ƙari ba ragi, da abin riƙewar da suka amince da shi kawai. Duk sauran za mu iya haɗiyewa. Na ƙarshen nan shi ne ƙafar Bahago. Na sake rubuta musu, wannan karon lauyan ya duba mini, na yi bayanin yatsun da komai, na ce gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba, ba mu sayar da komai ba, ba mu kwafi komai ba. Wata mata ta amsa cikin ladabi, ta ce labarin ya taɓa ta, amma in suka buɗe wa mutum ɗaya ƙofa, masu maguɗi za su biyo ta nan, ta kuma ba mu shawarar sabon gem ɗinsu mai sauƙi ga masu lalura. Injiniya ya gwada shi, shi ma bai san da feda ba.

Kar ka ɗauka ban san haƙƙi ba, Yaya. Shekarar bara da mai shagon tsallaken titi ya kwafe zanen katin da na yi sati ina tsarawa, sai da maigidana ya riƙe ni. Na san zafin a ɗauki guminka. Amma ni da wani ya zo ya ce ya ƙara wa katina girman rubutu don tsohuwarsa ta iya karantawa, wallahi addu'a zan yi masa. Abin da na kasa fahimtar da su ke nan, kuma ban san ko Turancina ne ya gaza ko kunnensu ba.

Ranar Asabar manyan 'yan wasan suka yi taro a shagona, wajen mutum goma sha biyar, wasu a kan benci wasu a kan kwalayen takarda. Ka san yanzu ba yara ba ne, akwai direba, akwai malamin asibiti, akwai mai 'ya'ya huɗu. Wasu suka ce a rufe ƙofa a yi a ɓoye, mai gidan da muke haya ya ce ba a gidansa ba. Dogo, wanda ya ci kofin bara, ya rantse in babu Bahago shi ma ba ya bugawa. Daga nan aka koma neman wanda ya kai ƙara, zargi ya faɗa kan wani mai gidan gem na can bayan kasuwa da suka daɗe ba sa ga maciji, har ana cewa a je a same shi. Ni kuwa ina tsaye bayan injin kwafi, ina ta jera takardun da suke a jere. Ban taɓa jin na raina kaina irin na ranar ba. Bahago ne ya kashe maganar. Ya ce shi bai kafa gasar nan don ta mutu a kansa ba, akwai mutum sittin da uku da suka shekara suna shiri, wasu daga nesa za su zo. Ya jawo fom ɗin ya sa hannu da hagunsa, ya ce shi zai yi alƙalanci.

Washegari da safe na same shi a gida na faɗa masa komai, don kar a je a taɓa bawan Allah a banza. Na shirya wa faɗa, na ma fi son ya yi. Ya kalle ni, sai ya fashe da dariya, ya ce wannan aikin 'yar Baba ne sak, da ma ya san wata rana ladabi zai kashe wani a gidanmu. Ya tambaye ni ko shi ya yi kyau a bidiyon da na tura musu. Ya kira Dogo a gabana ya ce a ƙyale mutumin bayan kasuwa, kuskure ne daga cikin gida, bai ambaci sunana ba. Da zan tafi ya raka ni har bakin ƙofa yana ce mini komai ya wuce. Amma matarsa ta biyo ni waje ta gaya mini tun daren jiya ya kwance fedar, ya mayar mata a jikin kekenta, ya ɗaure kusoshin da kansa. Ta ce ta fi shekara biyar ba ta ɗinki da wannan keken, ya kuma sani. Da na sani ƙeya ce, Yaya, kullum a baya take.

Tsorona kar ya koma inda ya fito. Yana fita, yana raha, amma ni na san dariyar ƙanena ta gaske. Ya ce in gaya maka kar ka ɓata hutunka, babu abin da za ka gani. Na isar da saƙonsa, ga kuma nawa: don Allah ka zo. Kar ka ce za ka rubuta wa kamfanin, rubutu ya ishe mu haka, kar kuma ka nuna masa tausayi, ka san ba ya so. Jiya na hau sama kai musu jadawali, suna atisaye, shi yana zaune a teburin alƙali da takarda da biro, yana tsokanar masu bugawa kamar ba komai. Da na sunkuya ɗaukar wata takarda da ta faɗi, sai na ga ƙafarsa ta dama a ƙarƙashin teburin, tana ta danna siminti, tana bin wasan bugu da bugu, shi bai ma sani ba. Na sauko shago na rufe ƙofa na yi kuka. Kwana biyu za a yi ana gasar, zai zauna a kujerar nan daga safe har yamma, kuma ba na so ya zauna shi kaɗai.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce ina ba ta haƙurin aron mijinta. Ka shafa mini kan Babban Yaro da 'Yar Auta. Inna tana gaishe ka tana sa albarka, ba ta san komai a kan wannan magana ba, don Allah a bar ta haka. Maigidana da 'yan biyu suna gaisuwa, haka Gwaggo da Kawu Ƙarami, da matar Bahago wadda ta ce in roƙe ka da bakinta. Allah ya kawo ka lafiya, ya sa mu gana da alheri. In ka sa ranar tahowa ni za ka fara gaya wa, don in ya ji zai hana ka.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Mai shagon buga takardu.