Littafin da ke cikin jakar Bashir

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da Alhaji da yara. Ya ƙafar taki? Mu nan Fagge mun gode Allah.

Kayan ɗana Bashir sun iso daga Indiya, wata uku bayan rasuwarsa. A cikin jakar akwai wani ɗan littafi, rubutunsa ba boko ba, ba ajami ba. A shafi ɗaya ya ja layi da fensir, ya rubuta "Umma" a gefe. Na so in san abin da ya gani a wurin har ya tuna da ni.

Na kai wa wani Ba'indiye mai shago a Sabon Gari. A zatona duk yarensu ɗaya ne. Ya juya littafin, ya ce, "Hajiya, wannan yaren Asam ne, ni ma ba na ji." Da waya ya duba. Ya ce wanda ya rubuta littafin marubucin waƙoƙi ne, malamin makaranta, ya ƙare rayuwarsa a bakin wani babban kogi yana rubutu kan ambaliya da gonakin shinkafa. Sai ya ɗora wayar kan shafin da Bashir ya ja wa layi, don ta fassara masa. Ya daɗe yana karantawa, sannan ya rufe littafin, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Waƙar uwa ce." Ban ƙara tambaya ba. Ban yi kuka ba, Yaya, na hau adaidaita na dawo gida. Littafin yana ƙarƙashin matashina.

Ki sa Bashir a addu'a, ni ma ki sa ni. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Rabi