Garin Kunun da Kika Ce na Nana Ne

Glenwood, Greensboro

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya jiki, ya ƙarin haƙuri? A gaida min Baba Sale da su Sa'adiya. Mu nan lafiya lau, mata na zuwa taya ni zaman takaba. Jikarki Nana ta koma makaranta, sai dai har yanzu ba ta yarda a ɗauke takalman babanta daga bakin ƙofa.

Na san ba za ki tambaya ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa jin kin kama ba. Shi ya sa zan faɗa miki da kaina.

Jiya abokin hawan dutsensa, wani Bature, ya kawo jakarsa daga Alaska. Ya ce guguwar ƙanƙara ce ta rutsa da su dab da ƙolin dutsen, kuma babu halin sauko da gawar. An yi masa salatul ga'ib a masallacinmu.

A jakar na ga ledar garin kunun da kika aiko, wai na Nana ne. Inna, Nana ba ta shan kunu, ke ma kin sani. Baturen ya ce kullum da safe sai baban Nana ya narka ƙanƙara ya dama, ya ba kowa, yana cewa na mahaifiyarsa ne. Har safiyar ranar da ya rasu ya sha. Ledar babu komai. Saƙonki ya isa.

Allah ya jiƙansa. In an samu mai zuwa, a aiko da wani. Nana ta ce yanzu za ta sha.

Surukarki,
Khairiyya