Maganin Rediyo

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara duka. Yaya ƙafar taki? Ina fata kin rage tsayuwar nan a shago, ko da yake na san ki, sai dai in ɗaure ki aka yi a kujera.

Za ki ce me ya hana ni kira a waya. Na gwada, Yaya. Da na kai waya kunne sai ɗaya cikin 'yan biyun nan nawa ya kama zanina, ɗaya ya kama wayar, kuma ni kwanakin nan in na ji muryarki kuka zan sa miki. Takarda kuwa tana jira har in samu wurin zama. Yanzu haka a ɗakin guga na otal nake rubutu, a kan tarin zannuwan gado, kafin shugabarmu ta dawo.

Rediyo ba shi da lafiya. Da mura ya fara, muka ce ta haƙori ce, sai tari ya biyo, sai zazzaɓi. Na goya shi, na saɓa ɗan'uwansa Alƙali a kafaɗa, muka tafi asibitin unguwa. Nas ɗin da ta auna shi har tsokanata ta yi, wai in tabbata mara lafiyar na miƙo mata, don yaran nan kamar an tsaga kara. Likita ta saurari ƙirjinsa ta ce sanyi ya sauka masa, amma an zo da wuri. Ta rubuta mana maganin kwalba, ruwan hoda mai ƙanshin alewa, a ba shi safe da rana da yamma, ta ce ko ya miƙe kada a daina sai kwalbar ta ƙare.

Kin san yadda gidanmu yake. Baban yara yana dawowa daga gidan burodi da sassafe, ni kuma lokacin takalmina na ƙafa. A bakin ƙofa muke zaman auren namu: ya miƙo mini burodi mai zafi, in miƙa masa yara. Don haka maganin safe da na rana nasa ne, na yamma nawa. Kullum ina fita ina cewa kada ya manta da maganin Rediyo, shi kuma ya ɗaga mini hannu ido a rufe. Gaskiya bai taɓa mantawa ba, in na dawo zan ga kwalbar ta ragu yadda ya kamata.

Abin da ke cina shi ne yaron ba ya samun sauƙi. Gidan ma ya juye. Rediyon da kika laƙa wa sunan don bakinsa ba ya rufuwa, wanda tun daga bakin titi ake jin ihunsa, yanzu ya lafe a katifa yana bin mutum da ido. Alƙali kuwa, da zai yini zaune yana kallon mutane kamar zai yanke musu hukunci, shi ya karɓi aikin. Ya rasa abokin kokawa. Sai ya je ya ja ƙafar ɗan'uwansa, in ba a kula shi ba ya wage baki. Ga shi kuma ya kama gudawa, ban san daga ina ba, tunda ruwansu ma dafawa nake yi. Wankin otal da rana, wankin gida da yamma, hannuwana duk sun tsattsage.

Na gaji, Yaya, irin gajiyar da barci ba ya ɗauke ta. Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, daga babban asibiti nake rubuto miki, a kan gwiwata.

Shekaranjiya na dawo daga aiki, Baban yara ya fita ke nan zuwa kwaɓin yamma. Na ɗaga rigar Rediyo zan canza masa, sai na ga haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk numfashi, leɓensa ya yi duhu. Ban san lokacin da na dangwarar wa maƙwabciyata Alƙali ba, na fita da silifa wari da wari na tare tasi. Muna zuwa suka karɓe shi a hannuna, suka sa masa robar iska a hanci, suka nemi jijiya a ɗan hannun nan nasa. Ko motsi bai yi ba da allurar ta shiga, kuma wannan ya fi komai tsorata ni. Likitan ya ce limoniya ce ta yi ƙarfi. Ya tambaye ni ko ana ba da maganin yadda aka ce. Na ciro kwalbar daga jaka na nuna masa, har rantsuwa na yi.

Na kira Baban yara a waya na gaya masa. Ba wanda zai tsaya masa a bakin tanda, sai da gari ya waye ya taho, da gari a girarsa, ya biya ya ɗauko Alƙali yana ta tsala ihu a kafaɗarsa. Ya tsaya a kan gadon, ya dubi yaron da ke kwance shiru, ya juyo ya ce ashe Alƙali aka kwantar, ai a waya Rediyo na ce masa. Na ce Rediyon ne wannan. Ya ce wane Rediyo, ga Rediyo a kafaɗarsa, ko ba na jin sa ne?

Yaya, a nan na gane abin da ya faru. Kin tuna ranar da kika tambaye shi yadda yake bambance su, ya ce shi da kunne yake gane 'ya'yansa, muka yi ta dariya? Ashe ba wasa yake yi ba. Tun da ciwon ya kwantar da Rediyo ya yi shiru, Alƙali ya ɗauki kuka, shi mai kukan yake kamawa ya ɗura wa magani, safe da rana, bai taɓa fashi ba. Mara lafiyar na yamma kawai yake samu a hannuna. Gudawar Alƙali ma daga nan take.

Ba zan ɓoye miki ba, na faɗa masa magana a gaban mutanen ɗakin. Na ce wane irin uba ne wannan da bai san fuskar ɗansa ba. Sai ya sauke Alƙali, ya zauna a ƙasan siminti kusa da ƙafar gadon. Can ya ce, a hankali, yaushe rabon da ya gan su idonsa biyu a buɗe. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, kuma ba ni da ƙarfin ko ɗaya daga ciki.

Shi da kansa ya tashi ya je ya gaya wa likita. Likitan bai yi faɗa ba, ya ce Alƙali ba abin da zai same shi, cikin zai tsaya da kansa. Da na tambaye shi Rediyo fa, sai ya ce a ba allurar lokaci, mu yi ta addu'a. Ga ni nan zaune ina kallon ƙirjin yaron yana hawa yana sauka, ina jin tsoron in ɗauke ido.

Ki roƙa mana Allah, Yaya. Kada ki gaya wa Inna tukuna, jininta zai hau.

Taki,
Auta

*

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida maigidan da yara. Saƙonki ya iso, man shafawar ya yi wa hannuna amfani, Allah ya bar zumunci.

Alhamdu lillahi, an sallame mu. Rediyo ya rame, wuyan ya yi siriri, amma numfashin ya daidaita, yana cin abinci. Sun ba mu wani maganin a ci gaba da shi a gida, shi ma safe da rana da yamma, likita ya ja kunnena cewa in aka sake wasa da wannan, ciwon zai dawo da ƙarfinsa. Kin ce in turo miki Alƙali ya zauna wurinki har a gama. Na gode, Yaya, na kuma yi tunanin, amma ranar da aka raba su ma ƙin cin abinci ya yi. Hutun da otal suka ba ni kuma ya ƙare, shugabarmu ta aiko cewa in ban dawo ba akwai masu jiran wurin. Kin ga dole dai maganin safe da na rana su koma hannun Baban yara. Na kwana biyu abin na nuƙurƙusata.

Shi ma ya san haka. Na fita sayen sabulu, sai ya ari injin aski ya yi wa Rediyo ƙwal, wai daga yau ko makaho ya bambance su. Alƙali na ganin ɗan'uwansa ba gashi ya ƙwala ihu ya shige bayan ƙofa. Rediyo ya bi shi, shi kuma yana gudu, har Rediyo ya fashe da kuka tari ya sarƙe shi. Da mutumin naki ya rasa yadda zai yi, sai ya kama Alƙali shi ma ya aske. Na dawo na tarar da kawuna biyu suna ƙyalli a tsakar ɗaki, suna shafa juna, shi kuma yana tsaye da inji a hannu. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta koma kuka, ya rasa wanne zai rarrasa cikinmu.

Na ce a ɗaura wa Rediyo zare a hannu. Ya ce a ɗaura, amma shi ba zai dogara da zare ba, tunda yaran nan ba abin da ba sa tsinkewa. Tun ranar, in ya dawo ba ya faɗawa gado. Sai ya wanke fuska da ruwan sanyi, ya ɗora su a gwiwoyinsa, ya yi ta kallonsu yana gyangyaɗi yana farkawa. Har ya gano wai kunnen Rediyo na hagu ya ɗan lanƙwashe daga sama, abin da ni da na haife su ban taɓa lura ba. Zaren kuwa bai kwana ba suka cire shi.

Yau na koma aiki. Na karɓi burodina a bakin ƙofa, na buɗe baki zan yi masa tunin da na saba, sai na fasa. Na kai har inda ake jiran bas, bas ta zo, ƙafata ta ƙi hawa. Na juyo gida da sauri, na tsaya ta tagar kicin inda ba zai gan ni ba.

Yaran suna zaune a tabarma suna cin burodi, duk su biyun shiru. Ya auna maganin, ya ajiye a kan tebur, ya durƙusa. Ya tallafi fuskar na farko da hannu biyu, ya juya ta wajen haske, ya daɗe yana dubawa, ya sake shi. Ya tallafi na biyun, shi ma ya duba har yaron ya fara ture shi. Sannan ya koma kan na farkon, ya ɗauki maganin ya ba shi. Rediyon ya ba, Yaya.

Ban shiga ba. Na koma na jira wata bas ɗin, na makara, na sha faɗa a wurin shugabarmu, ban ko ji zafinsa ba. Bai san na dawo ba, ke ma kada ki gaya masa. Gobe ma ina jin sai na leƙa, amma wataƙila jibi in hau bas ta farko.

Yanzu kina iya gaya wa Inna, ki ce mata jikanta ya tashi. Allah ya ba ƙafarki lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta