Tururuwar da Ta Biyo Katako

Zuwa ga Autarmu,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya maigidan naki? Inna na gaishe ki, ƙafar da sauƙi.

Ke da muke wa dariya kin ɓata shekara biyar kina karatun ƙwari, yau ga ranarki. Wata ƙatuwar baƙar tururuwa ta addabi shagona. Sai in tarar da garin katako a ƙasa, alhali ban taɓa zarto ba. Jiya na ƙwanƙwasa wata ƙofa da na gama, ta amsa kamar ganga. Na fesa magani, kamar ruwa na ba su. Ga guda biyar nan a kwalba, ki duba mini.

Yayanki kafinta

*

Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, kwalba ta iso. Wannan tururuwa ba cin katako take ba, rarake shi take ta yi gida a ciki, musamman mai danshi. Asalinta dazukan bakin teku ne. A ofishinmu muna da taswira, duk inda aka gan ta sai mu ɗiga jan biro. Shekara goma ba ta haye babban kogi ba. Bana ɗigo tara ne a ɓangarenku.

Don Allah, a ina ka sayi katakon bara?

Ƙanwarka

*

Auta,

Ina gaisuwa. Sati uku takardarki tana aljihuna.

Wata babbar motar katako ce ta lalace a bakin hanya, direban ya karyar mini da kayan. Na ga danshi, na ce rana za ta yi maganinsa. Ashe araha ba ta ado. Da shi na yi benci arba'in na makaranta, da ƙofofin ƙauyuka uku, da rufin ɗakin Inna.

Shekaranjiya benci ya karye da yara. Ba wanda ya ji ciwo, amma hedimasta ya zo har shago. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Mahaifinku ne ya yi bencin da na zauna a kai ina yaro, har yau yana nan." Gara ma ya mare ni.

Ki rufa mini asiri, kada sunana ya shiga takardunku.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaishe ka da zuciya mai nauyi. An sami ɗigo na goma, a nan garinmu, tafiyar yini guda daga naku. Ni na ɗiga shi da hannuna, domin ɗakina ne. Daga kabad ɗin da ka yi ka aiko mini lokacin haihuwa suka fito. Sun riga sun shiga silin ɗin maƙwabta.

Shugabana yana tambayar yadda tururuwa ta yi wannan nisa ba mota. Na yi shiru, amma shirun nan rufin wani yake ci. Ina buƙatar sunan duk wanda ka yi wa aiki. Kuma ka fitar da Inna daga ɗakin nan yau, ba gobe ba.

Ka yafe mini.

Ƙanwarka

*

Auta,

Gaisuwa. Ga sunayen, gida sittin da ɗaya, ban da waɗanda suka tashi ban san inda suka nufa ba.

Na ƙone sauran katakon, na rufe shago. Da wutar ta kama, ina tsaye ina kallo, tururuwa masu fiffike suka tashi sama, iska ta yi arewa da su.

Inna ta ƙi fita. Ta ce ɗanta ne ya yi rufin.

Ki huta lafiya.

Yayanki